Malam Tumbi da Saniya Mai Taga

Takardar ta iso ranar Litinin, saura kwana goma sha takwas Malam ya ajiye aiki. Masinja ya ɗora ta a kan tebur, ya danne ta da kwalbar tawada don kada fanka ta kwashe ta, ya fita. Malam ya karanta ta sau biyu, kamar yadda yake yi wa kowace takarda, na farko don ma'ana, na biyu don kurakurai. Ya sami kuskure guda: an rubuta lambar saniyar 141 maimakon 114. Ya gyara da jan biro. Sauran duka daidai yake.

Kwamitin kula da dabbobin bincike na jami'a ne ya rubuto. Sun ce izinin riƙe saniyar da sunansa aka bayar, kuma zai ƙare ranar da aikinsa ya ƙare. In wani malami mai digirin dakta a sashen kimiyyar dabbobi ya rattaba hannu ya ɗauki nauyinta kafin ranar, za a mayar da izinin sunansa. In ba a samu ba, likitan dabbobi zai yi mata allurar da ba a tashi, a binne ta a bayan gona. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a fitar da ita daga gonar jami'a, domin dabba ce da aka yi wa tiyata saboda bincike. A ƙasan takardar an ja layi guda, an bar shi fili don sunan wanda zai karɓa.

Ya ɗan dakata ko zai ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji ba. Ya ninke takardar uku, ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki hularsa ya nufi gona, domin ƙarfe goma ta yi, kuma ƙarfe goma lokacin duba saniya ne.

Wanda bai taɓa ganin irinta ba sai an yi masa bayani. Saniya ce kamar kowace, ja, mai gajerun ƙahoni, sai dai a gefen cikinta akwai rami kewayayye, faɗinsa kamar bakin ƙaramin kwano, an sa masa zoben roba da marfi. In aka cire marfin, mutum na kallon cikin tumbinta kai tsaye, ciyawar da ta ci tana juyawa a hankali, da ɗumi, da tururi, da wari wanda in ya kama riga sai an yi wanki biyu. Likitoci ne suka buɗe mata ramin tana 'yar shekara uku, yau shekara goma sha uku ke nan. Ba ya yi mata ciwo. Tana cin dusarta ana zura hannu har kafaɗa, ko waiwayowa ba ta yi. Ɗalibai suka sa mata suna Mai Taga. Shi kuma suka sa masa Malam Tumbi, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa, bai taɓa tankawa ba.

Sana'ar Malam ita ce sanin abin da dabba ke samu daga abin da ta ci. Manomi na iya cika wa saniya ciki da kara ta kwana tana ramewa, wani ganyen kuma kaɗan ya ishe ta. Ba a gane wannan da ido, sai an tambayi tumbin. Yadda ake tambayarsa kuwa, a busar da ganyen, a niƙa, a auna giram biyar cif, a zuba cikin 'yar jakar nailan kamar tafin hannun jariri, a ɗaure da dogon zare, a zura ta tagar. Wata jakar a ciro ta bayan awa shida, wata bayan goma sha biyu, wata sai ta kwana biyu a ciki. A wanke, a busar a na'ura, a sake aunawa. Abin da ya ragu daga nauyin shi ne abin da saniyar ta amfana da shi. Wannan aikin ya yi shekara da shekaru, da shi ya koyar da duk wanda ya ratsa ta sashen. Kowane ɗalibin aji uku sai ya sa doguwar safar roba ya zura hannu sau ɗaya kafin ya ci jarrabawarsa. Wasu sun yi amai, wasu sun yi dariya, wata ta suma. Amma babu wanda ya ƙara tambaya a aji mene ne tumbi.

Malam ɗan mai gyaran keke ne, na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ya yi makarantar mishan a zamanin da ake rubutu da alƙalami mai tsoma baki a tawada, ana duba farce da bayan kunne kowace safiya. Hedimastansu, wani dogon mutum mai farin gajeren wando, yana da doka guda da babu irinta a sauran makarantu: ba a rubuta suna a saman takarda. Sai ka gama aikin, ka duba shi, sannan ka sa sunanka a ƙasa, domin suna shaida ce cewa kai ka yi. Yaron da ya fara da suna, a yage takardar. Yaron da ya sa sunansa ƙarƙashin aikin wani, ba a dukansa, sai dai a kira shi gaban taron safe a sa shi ya yi bayanin aikin layi-layi, har ya gwammace bulala. Daga nan Malam ya tafi kwalejin noma, daga can ya sami tallafin karatu zuwa ƙasar waje. Ya dawo bayan shekara huɗu da digirin dakta, da akwatin littattafai, da wani tari da sanyin can ya bar masa har yau.

Lokacin da ya kama aiki, gonar sashen tana da shanu fiye da ɗari biyu. Ƙarfe shida na safe ɗalibai na tsaye da takalman roba, motar madara na jira a bakin ƙofa, sikeli na aiki, kowace dabba da katinta a akwatin ƙarfe. Shekara talatin da huɗu bayan haka, shanu goma sha ɗaya suka rage, rufin rumfar na yoyo ta wuri uku, aji guda ya kai mutum ɗari uku, kuma yawancin malamai a allon majigi suke nuna cikin dabba.

A jami'a ana hawa ne da yawan takardun bincike da aka buga da sunan mutum. Mutane sun daɗe da gano hanya: ka sa ni a taka, in sa ka a tawa. Takarda guda ta ɗauki suna bakwai, biyar daga ciki ba su san launin dabbar ba. Malam bai taɓa shiga ba. Bai yi wa kowa wa'azi a kai ba, sai dai in an kawo masa tayin ya ce ya gode, bai yi aikin ba. In kuma an nemi ya sa wani a tasa, ya tambaya wace rana mutumin ya zo gona. Takardunsa goma sha tara ne a duk tsawon aikinsa. Ya tsaya a matakin babban malami, yana kallon waɗanda ya koya wa riƙon sirinji suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, suna zama farfesoshi, suna gaishe shi da ladabi a matakala.

Matarsa ba ta taɓa yi masa gori a kan wannan ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne wari. Ta ajiye masa bokiti da sabulu da tsohon zane a ƙofar baya, ta ce duk ranar da ya shigo mata falo da rigar gona, to ya koma ya kwana wurin amaryarsa mai ƙaho. Shekara biyu da suka wuce ta kwanta jinya mako uku, ta rasu. Tun daga lokacin ta ƙofar gaba yake shiga, da rigarsa, babu mai cewa komai. Yana tashi a kan lokaci, ya sha shayi, ya yi lacca, ya duba takardun jarrabawa. Abinci ba ya masa daɗi, ba ya masa ɗaci. In an ba da labarin dariya a ɗakin malamai yakan gane inda ya kamata a yi dariyar, sai ya yi.

A gona ya tarar da makiyayin, wani gajeren dattijo da kowa ke ce wa Kawu, har shugaban jami'a da ya taɓa zuwa sau ɗaya. Kawu ne ke wanke kewayen zoben kowace safiya da ruwan ɗumi, ya shafa magani don ƙuda, ya duba ko marfin ya saki. Bai yi boko ba, amma da sansana ruwan tumbin yakan ce jiya an ba ta dusa fiye da kima, kuma in Malam ya auna da na'ura sai ya tarar haka ne. Makiyayan kewaye ma sun san shi. In saniyarsu ta daina tuƙa, sukan zo da galan, Kawu ya ɗebo musu ruwan cikin Mai Taga su ɗura mata, kwana biyu ta miƙe.

Malam ya karanta masa takardar tun daga kai har ƙasa, bai tsallake komai ba. Kawu ya ci gaba da goge zoben har ya gama, ya matse tsumman, sannan ya tambaya ko shi ba zai iya dangwala yatsa a layin ba. Malam ya ce sai mai digirin dakta.

"To ai da sauƙi," in ji Kawu. "Daktocin kun fi shanun yawa. Su goma sha ɗaya ne, ku kuwa na ƙirga motocinku, ashirin da uku."

Washegari Malam ya fara bin ofisoshi, ƙofa-ƙofa, daga farkon baranda zuwa ƙarshe, da takardar cikin farin fayil. Kusan dukansu ɗalibansa ne a da. Kowa ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, kowa ya aika a kawo masa lemo. Malamin kiwon kaji ya ce shi dabbar da ta wuce mako takwas a duniya ba ya iya zama da ita, kuma ai Malam bai manta yadda shi ya ƙare da saniya a aji uku ba. Wata matashiya mai aiki da kwalabe a ɗakin gwaji ta ce da gaske tana so, amma wata mai zuwa za ta tafi hutun haihuwa, daga nan kuma karatu, kwamiti ba zai karɓi sunan wanda ba ya nan ba. Wani ya karanta sharuɗɗan, ya ga cewa mai izini shi ke amsa tambaya in dabbar ta kamu da ciwo ko ta mutu, sai ya mayar da takardar cikin fayil a hankali kamar mai zafi. Tsohon abokinsa, farfesan kiwon tumaki, wanda suka kama aiki shekara guda, ya yi dariya har da tari, ya ce ai saniyar ma ta isa fansho, su tafi tare mana. Da ya ga Malam bai motsa ba sai ya daina, ya ce shi ma saura masa wata bakwai, sa hannunsa jinkiri ne kawai.

Malam ya gode wa kowa. Ya rubuta ranar da ya je wurin kowannensu a bayan fayil, da amsar a kalma biyu ko uku. Bai ji haushin ko ɗaya ba. Ya lura dai cewa matakalar sashen ashirin da biyu ce, shekara talatin da huɗu yana hawanta bai taɓa ƙirgawa ba.

Ranar Lahadi 'yarsa ta kira shi a waya. Wurinta zai koma in ya bar gidan ma'aikata, ta riga ta gyara masa ɗaki. Ta tambaya kwalaye nawa littattafan suka ci, ta tambaya ko yana shan maganin tarinsa, sai ya ba ta labarin takardar. 

"Baba, ka san a hawa na uku nake. Ko da sun ba ka ita, matakala za ta hau?"

Ya ce ba za su bayar ba ma.

"To ka ci abinci dai. Muryarka kamar ta mai karanta labarai."

A mako na biyu ya je wurin shugabar sashe. Ita ce ɗalibar da ta suma shekarun baya, a kan saniyar da ta gabaci wannan, aka ɗauke ta zuwa inuwa ana yi mata fifita da littafi. Ta farfaɗo ta ce sai ta sake, ta kuwa zura hannun. Yanzu farfesa ce, da gilashi a wuya da wayoyi biyu a tebur. Ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar da ke kusa da shi maimakon tata. Ta ce da ikonta ne da tun ranar farko ta sa hannu, amma tana cikin kwamitin, doka ta hana ɗan kwamiti riƙe izini. Ta nemi a ƙara wata uku, an ƙi. Ta cire gilashin ta goge, ta ce mutum guda ya rage, ya tafi taro ƙasar waje, Litinin zai dawo. Ta ƙara da cewa mutumin yana neman ƙarin girma bana, kuma an ce masa takarda guda ta rage masa, wadda sunansa zai zo a farko. Ta ce ita dai labari ta ba shi, ba shawara ba.

Malam ya san wanda take nufi. Ɗan Taro ake ce masa, domin ya fi zama a jirgin sama a kan ofis. Ya san kuma takardar da take nufi. Shekara tara yana gwada ganye da 'ya'yan itatuwa iri goma sha bakwai, don a gano waɗanda za su riƙe shanu da rani in ciyawa ta ƙare. Jakunkuna fiye da dubu huɗu suka shiga cikin Mai Taga suka fito. Ya gama rubutun da hannu, sakatariyar sashe ta buga masa, saura a aika. Ita ce mafi kyau a cikin duk abin da ya yi, kuma ita ce ta ƙarshe.

Litinin ɗin makon ƙarshe, da ya isa gona, ya ga an kafa turaku huɗu a bayan rumfa, an zagaye su da igiya. Likitan dabbobi na tsaye wurin da tef a hannu. Tsohon sani ne, shi ya ɗinke zoben da hannunsa shekara goma sha uku da suka wuce. Ya ce kada Malam ya ga laifinsa, ƙasar wurin tauri gare ta, dole leburori su fara haƙa ran Laraba in ana so ramin ya isa kafin Juma'a. Ya ce ba za ta ji komai ba, zai fara yi mata ta barci. Malam ya dubi igiyar ya ce tsawon ya gaza da kamar taƙi biyu, saniyar ta fi yadda ake ganinta tsawo in ta kwanta. Likitan ya dube shi, ya matsar da turken.

Ofishin Ɗan Taro sanyi ƙalau, na'ura na hurawa. A jikin ƙusa an rataye katunan wuya na tarurruka sun fi talatin, kowanne da launin igiyarsa. Ya taso da sauri, ya karɓi hular Malam, ya ce wannan ziyara ai shi ya kamata ya kai. Ya karanta takardar yana girgiza kai, ya ce abin kunya ne ga sashen gaba ɗaya, dabbar da ta yaye su duka.

"Ni mai sa hannu ne, Malam, ko yanzu. Abu guda ke ɗaure ni. Kwamiti zai tambaya, wane aiki ka taɓa yi da ita? Ni kuwa ka sani, tun aji uku rabona da wurin. In da akwai wani abu a rubuce da ya haɗa sunana da ita, shi ke nan, bakinsu ya mutu."

Malam ya ce akwai sharaɗin duba ta sau biyu a mako.

"Ai Kawu na nan. Kawu ya fi mu duka. Ni dai inuwa zan zama."

Malam ya tambaya ko ya karanta wani abu a kan ganyayen rani. Ɗan Taro ya ce ya ji ana yabon aikin ƙwarai, kuma shi yana da mutane a manyan mujallu, takarda in ta bi ta hannunsa wata uku ta fito, maimakon ta shekara biyu a layi. Ya ce ba don kansa yake faɗa ba, aiki irin wannan bai kamata ya mutu a durowa ba. Duk wannan ya faɗe shi yana kallon tagar ofis. Malam ya karɓi hularsa, ya ce zai yi tunani. Ɗan Taro ya raka shi har matakala, yana riƙe masa fayil.

Ran Talata Malam ya yi laccarsa ta ƙarshe, a kan yadda gishiri ke aiki a jikin dabba. Ɗalibai suka tafa masa, wani ya tashi ya karanta jawabi. Ya tsaya har aka gama, ya share allo da kansa. Ƙarfe goma da rabi ya isa gona, karo na farko da ya makara. Kawu ya fita da sauran shanun. Mai Taga kaɗai ce a rumfa, tana tuƙa, idonta rabi a rufe. Haƙoranta sun cinye, ƙashin ƙugunta ya fito, amma gashinta na sheƙi. Ya sa safar, ya cire marfin, ya zura hannu. Ɗumin na nan yadda yake kullum, tumbin ya matse masa hannu ya saki, ya matse ya saki, sau biyu a minti, ya ƙirga da agogo. Lafiyarta ƙalau. Likita ya taɓa cewa za ta iya ƙara shekara uku ko huɗu. Ya tsaya haka ya fi yadda aikin ke bukata. Ya yi ƙoƙarin tuna fuskar hedimasta, sai gajeren wandon kawai ya zo masa. Ya zare hannu, ya mayar da marfin, ya wanke safar ya rataye.

Sakatariyar sashe ta buga masa takardu goma sha ɗaya daga cikin goma sha taransa, tun ana amfani da tafireta. Ya tsaya a gaban teburinta ya ce ta buɗe ta ganyayen rani, akwai gyara a shafin farko. Ya faɗi cikakken sunan Ɗan Taro, ya ce a ƙara. Ta ɗago ta dube shi ta saman gilashi. Ta tambaya ko a wurin godiya, kusa da na Kawu. Ya ce a'a, a sama.

"A gaban naka, Malam, ko a baya?"

"A gaba."

Ta buga. Ta juyo masa da allon ya duba. Ya ce ta manta ɗigo bayan harafin tsakiya. Ta sa. Ta fitar da kwafi biyu, ta haɗa da ƙusa, ta miƙa masa ba tare da ta sake kallonsa ba. Ya fito baranda ya tsaya, takardun a hannu, yana jiran kunya. Ya san tana da hanyar zuwa, ya san yadda take kama wuya da kunnuwa. Wata ɗaliba ta wuce ta gaishe shi, ya amsa. Can ƙasa wani na ta fama da babur ya ƙi tashi. Da ya ga babu abin da ke zuwa, ya taka zuwa ofis mai sanyi ya ƙwanƙwasa.

Ran Laraba da hantsi takardar kwamiti ta koma da layinta a cike. Kafin saƙo ya iso gona leburori sun haƙa har gwiwa. Aka ce su tsaya. Babbansu ya tambaya ko su mayar da ƙasar, likita ya ce su bari, wata rana a dasa wani abu.

Kawu ya ji labarin yadda aka yi, domin a sashen babu abin da ke kwana. Ya sami Malam a ɗakin awo yana jera jakunkunan nailan cikin kwali. Ya zauna a kan buhun dusa, ya ce ya ji an ce an sayar da gona an sayi shinge. Malam ya ce shekara tara ce, kuma rabin jakunkunan Kawu ne ya ciro su, in da gaskiya ake bi sunansa ne ya kamata ya hau sama kafin na kowa.

"Ni me zan yi da shi a can? Ba na karantawa, saniyar ma ba ta karantawa." Ya ɗauki wata jaka ya juya ta a hannu. "Amma kai kana karantawa. Shi ne abin."

Malam ya ce haka ne. Kawu ya tambaya ko abin na damunsa. Malam ya yi tunani da gaske kafin ya amsa, domin ba ya son faɗin abin da bai auna ba. Ya ce bai sani ba tukuna, wataƙila sai ya zauna a hawa na uku. Kawu ya ce to in ya fara damunsa ya hau mota ya zo, aikin wanke zobe ba ya bukatar katin ma'aikaci, shi kuma bayansa ya fara ciwo.

Ran Juma'a aka yi miƙa aiki a gona, domin kwamiti na son hoton sabon mai izini tare da dabbar. Malam ya riga ya ba da makullin ofis da na ɗakin awo, an ƙirga kujeru da sikeli an ce sun cika. Ɗan Taro ya iso da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, cikin farar rigar gwaji sabuwa, layin guga na nan a hannunta. Ya tsallake kashin shanu a hankali, ya gaida Kawu da hannu biyu, ya ce wa mai hoto ya yi sauri, yana da jirgi ƙarfe uku. Ya je ya tsaya kusa da saniyar, ya ɗora 'yan yatsu a bayanta, ya gyara tsayuwa. Mai hoto ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya ce ba ya ganin tagar. Ɗan Taro ya sunkuya ya duba cikin saniyar, ya shafa, ya duba ƙasa-ƙasa. Gashi ne kawai, ja, lafiyayye. Ya ɗago ya dubi Malam.

Tumbin saniya a hagu yake. Shi ne abu na farko da ake faɗa wa ɗalibi a makon farko, kafin a ba shi takalmin roba. Kawu ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

"Ɗaya gefen, Dakta," in ji Malam. "Ka zagayo ta gabanta, kada ka bi ta baya. Tana harbi in ba ta san mutum ba."

Ɗan Taro ya zagaya ta gaba. Aka ɗauki hoto biyu. Saniyar ta ci gaba da tuƙa. Malam ya duba agogo, ya ga motar kwashe kaya za ta iso gida ƙarfe ɗaya, kuma bai ɗaure kwalayen kicin ba. Ya yi wa kowa sallama, ya bi ta gefen ramin da aka bari, ya fita ta ƙaramar ƙofa.